Jiri mai tsanani ba tare da ciwon kai ba, wai duk ciwon ɓarin kai ne?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, abin ya fara fin ƙarfina. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, irin mai kama gefen hagu yana sara kamar ana buga guduma, sai na shiga ɗaki na rufe taga na ɗaure kaina da ɗankwali. Bayan haihuwata ta uku ciwon ya lafa sosai, na yi ta hamdala. To shekara biyu ke nan wani abu ya maye gurbinsa, wato jiri. Ba irin jirin yunwa ba. Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye ina tuƙa tuwo, sai na ga tukunya da murhu da bango duk suna juyawa, ƙasa tana lilo da ni kamar ina cikin kwalekwale. Na saki muciya na zauna dirshan na riƙe ƙafar tebur. Sai da na yi kusan awa uku kafin in iya miƙewa. Na yi amai sau biyu, ko ƙarar cokali ba na son ji, hasken waya kuwa kamar ana soka min allura a ido. Amma kaina bai yi ciwo ba ko kaɗan.

Sau uku ana yi min maganin taifot a kan wannan abu, sau biyu ana yi min ƙarin ruwa. Surukata ta ce shafar aljanu ce. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce ciwon ɓarin kan nawa ne ya dawo da wata kama. Ta yaya ciwon kai zai zo babu ciwon kai?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki je a auna jininki, wannan alamar hawan jini ce. Haka yayata ta riƙa yi.

Maman Khalil:
Malam an auna ba sau ɗaya ba, 110 bisa 70 yake. An duba yawan jinin ma da suga, duk lafiya lau.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yata, kada ki raina maganar surukarki. Abin da asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba, kuma yana zuwa yana tafiya, ai sai a koma ga ruƙiya. Ki riƙa azkar na safe da yamma, ki daina zubar da ruwan zafi da magariba ba bismilla. Allah ya ba ki lafiya.

Abu Yasir:
Ina da kemis shekara goma sha ɗaya. Masu irin wannan jirin Stugeron nake ba su, kuma yana kwantar musu. Ki sha ɗaya safe ɗaya dare, za ki ba ni labari.

Likitan Kunne:
Maman Khalil, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan iya tabbatar miki da ciwo ta waya ba, sai an gan ki an duba ki. Amma maƙwabciyarki ba ta yi shaci-faɗi ba. Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da abin da muke kira maigiren mai jiri, wato ciwon ɓarin kai da ke zuwa da jiri.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sunan da muka ba ciwon da Hausa. Mun ce ciwon ɓarin kai, sai aka ɗauka sarawar kai ita ce cutar gaba ɗaya. Alhali cutar ta ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyinta: ƙwaƙwalwar mai maigiren tana da saurin harzuƙa, haske da ƙara da wari da motsi duk suna isa gare ta da ƙarfin da ya wuce kima. Sarawar kai alama ɗaya ce daga cikin alamomi. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya ko ya sunkuya. Saƙonsu yana shiga ta gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda jijiyar da ke ɗauko zafin kai da fuska take shiga, kuma hanyoyin nan biyu suna da alaƙa da juna. Idan guguwar maigiren ta taso ta taɓa ɓangaren daidaiton jiki, sai mutum ya ga duniya na juyawa alhali kunnensa lafiya ƙalau.

Ba sabon abu ba ne. Likitan nan na Faransa, Meniya, tun a 1861 ya lura da masu jiri da ke da ciwon ɓarin kai. Amma sai a 2012 ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya da ƙungiyar Barani ta masana jiri suka haɗu suka fitar da sharuɗɗan gane shi. A taƙaice, jirin ya zo aƙalla sau 5, kowanne ya ɗauki tsakanin minti 5 zuwa awa 72, mutum yana da tarihin maigiren ko da a baya ne, kuma a rabin lokutan jirin ko fiye a samu wata alamar maigiren tare da shi: ko sarawar kai, ko ƙin haske da ƙara, ko ganin walƙiya da zane-zane a ido. Sannan a tabbatar ba wata cuta ce ta fi dacewa da alamomin ba. Ki lura, ƙin haske da ƙin ƙara sun wadatar, ba dole sai kai ya sara ba. Kuma abin da ya faru da ke, ciwon kan ya lafa bayan shekaru sai jiri ya fito, muna ganinsa sosai, musamman ga mata.

Malam Na-Tudun-Wada:
Likita, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Cutar da ba ta fitowa a gwajin jini, ba ta fitowa a hoto, sai dai a tambayi mutum a ƙirga sau nawa, ta yaya za a ce an gano ta? Ina ganin idan abu ya gagare ku sai ku laƙa masa suna. Me ya raba wannan da maganar Hajiya da ta ce aljanu ne? Ku duka ba ku ga komai ba.

Likitan Kunne:
Malam tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi. Shi kansa ciwon ɓarin kai da kowa ya yarda da shi, ai ba ya fitowa a hoto. Da labarin mai ciwo ake gane shi. Hoton ƙwaƙwalwa da gwajin ji da muke sa a yi, don a kore wasu cututtukan ne, kamar ƙari ko shanyewar jiki ko wata cutar cikin kunne da ake kira cutar Meniya. Abin da ya sa ba laƙa suna kawai ba ne: alamomin suna zuwa da tsari iri ɗaya ga mutanen da ba su san juna ba a ƙasashe daban-daban, abubuwan da ke tayar da ciwon kan su ne ke tayar da jirin, yana bin dangi, kuma da yawa suna samun sauƙi idan aka bi da su yadda ake bi da maigiren. Binciken da aka yi a Jamus ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 na samunsa a rayuwarsa, kuma akasarinsu ba a taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu ba.

Malam Na-Tudun-Wada:
To na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin akwai haɗari a ce wa mutum maigiren ne ya je ya kwanta, alhali wani abu ne babba.

Ummu Hanif:
Malam a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗi dalili. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya tashi da asuba zai yi alwala sai jiri ya kwashe shi, buta ta faɗi. Ya ce mana yana ganin abu bibbiyu, maganarsa ta ɗan yi nauyi kamar mai tauna goro, kuma ko an riƙe shi ba ya iya tsayuwa, sai ya karkata gefe ɗaya. Muka ce zazzaɓi ne, aka kira wani mai kemis ya sa masa ruwa a gida. Sai washegari muka kai shi asibiti, aka ce shanyewar jiki ce ta bayan ƙwaƙwalwa, kuma mun makara. Har yau in na tuna daren nan da muka zauna muna kallon ledar ruwa tana ɗiga, zuciyata ba ta min daɗi. Don Allah duk wanda tsohonsa ya yi jiri kada ya tsaya tambaya a waya.

Likitan Kunne:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ummu Hanif kin faɗi abin da ya fi duk abin da na rubuta muhimmanci. Jirin da ya zo farat ɗaya tare da ganin abu biyu, ko nauyin baki, ko karkacewar fuska, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tsayuwa sam, ko ciwon kai mai tsananin da mutum bai taɓa jin irinsa ba, ko kunne ya toshe nan take, wannan asibiti ne a cikin awar, ko da tsakar dare ne. Haka in akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu da muke yankin sanƙarau mun san wannan. Haka mai juna biyu da ke jiri da ciwon kai da kumburi. Kuma wanda ya haura shekara 50, mai hawan jini ko suga, da jiri ya fara kama shi karon farko, ba a fara ce masa maigiren. Maman Khalil ta bambanta ne saboda shekara biyu abin na zuwa yana wucewa ta koma garau, ga kuma tsohon tarihinta. Duk da haka sai an duba ta.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya jiƙansa. Ni dai ban ce kada a je asibiti ba, na ce kada a bar addu'a.

Maman Khalil:
Mama ai ba a barin addu'a, kullum cikinta muke. Abin da ya dame ni shi ne an kai ni wajen wani mai magani ya yi min hayaƙi a ɗaki rufe, warin ya tayar min da jirin da ya fi na kullum, sai aka ce wai aljanin ne ke jin zafi.

Zinariyar Maraɗi:
Wayyo 'yar'uwa, kamar labarina kike badawa. Ni ma turaren wuta da humra mai ƙarfi su ne manyan abokan gabata, gidan biki in na shiga ɗakin amarya ba na minti goma. Tun ina ƙarama ba na iya tafiya a mota, daga Maraɗi zuwa Tasawa sai na yi amai ya fi sau uku, har ana ce min ragguwa. Da na girma sai ciwon ɓarin kai, daga baya sai jiri. Nawa har da wani abu: in na shiga kasuwa layin 'yan atamfa, zanen nan masu ratsi-ratsi an jera su sama da ƙasa ga mutane na giftawa, sai in ji ƙasa ta zame min. Haka in ina jan waya da sauri ina kallon hotuna. Shekara huɗu ina yawo, sai wani lokotoro a Yamai ya zaunar da ni ya yi min tambayoyi kusan rabin awa, ya ce maigiren ne. Ya ce in sayi ɗan littafi in riƙa rubuta ranar da abin ya zo, awa nawa ya yi, me na ci, ƙarfe nawa na kwanta, da kwanan al'adata. Wallahi littafin nan ya fi min wasu magungunan amfani, don shi ya nuna min rashin barci da tsallake karin kumallo su ke kayar da ni.

Likitan Kunne:
Zinariya kin kawo abubuwa biyu da muke tambaya kullum. Masu maigiren sun fi sauran mutane yin amai a mota, kuma akwai yaran da ke yin jiri na 'yan mintoci su tsaya cak su riƙe uwarsu sannan su ci gaba da wasa, wasunsu in sun girma maigiren ke bayyana. Iyaye su riƙa lura.

Baba Direba:
Likita ni ma bari in shigo. Nawa jirin in na juya a kan gado ɓangaren dama, ko na ɗago daga sujada, sai ɗaki ya juya da ni kamar fanka. Amma kafin in ƙirga ashirin ya tsaya. Ban taɓa ciwon ɓarin kai ba. Shi ma wannan ɗin ne?

Likitan Kunne:
Baba naka ya fi kama da wani daban, kuma shi ne jirin da ya fi yawa a cikin jama'a. A cikin kunne akwai wasu ƙananan tsakuwoyi kamar garin alli. In suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa ɗaya daga bututun nan uku, duk sanda ka juya kai sai su gangara su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyawa kake. Shi ya sa ba ya kai minti ɗaya, kuma sai an motsa kai yake zuwa. Maganinsa ba ƙwaya ba ce. Ana kwantar da mutum a juya masa kai daki-daki har tsakuwoyin su koma gidansu, dabarar da ake kira ta Efli, kuma sau da yawa zama ɗaya ko biyu ya isa. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kuma Baba don Allah ka ajiye tuƙi har a duba ka, rayukan mutane ne a bayanka.

Cutar Meniya kuma da na ambata ɗazu, ita jirinta kan ɗauki minti 20 zuwa awa 12, amma tana zuwa da toshewar kunne ɗaya da ƙara a cikinsa, kuma ji yana raguwa a hankali. Gwajin ji ke taimakawa a raba ta da maigiren, ko da yake wani lokacin suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Abu Yasir:
To Likita ba ka ce komai a kan Stugeron ɗin ba. Ni dai na ga yana aiki.

Likitan Kunne:
Abu Yasir yana kwantar da jiri da tashin zuciya a lokacin da abin ya taso, ban musa ba. Matsalata da safe da dare ɗin nan ne ba iyaka. Irin waɗannan magunguna in aka daɗe a kansu suna sa kasala da barci, suna hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita kanta, kuma ga tsofaffi suna iya kawo rawar jiki da taurin gaɓoɓi. Na ga masu shan sa wata shida ba fashi. Haka maganin ciwon kai: mai shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗe-haɗen nan da sinadarin kafeyin (irin na shayi da goro) a ciki kwana 10 ko fiye, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai na kullum. Wanda abin ke yawan kama shi, maganin riga-kafi ake ɗora shi a kai, irin su amitiriftilin ko furofaranolol ko tofiramet, a fara da kaɗan, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Kowanne yana da wanda bai dace da shi ba: mai asma ba a ba shi furofaranolol, mai ciki ko mai neman ciki ba a ba ta tofiramet ko balfurowet saboda jariri. Shi ya sa ba na son a saya a kan kanta.

Abu Yasir:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma ku ma ku duba, mutum zai je asibiti tun asuba ya bi layi, a ba shi ranar ganin babban likita bayan wata biyu. Dole ya zo wurinmu.

Ɗan Fagge:
Ni tambayata a kan azumi ce da goro. Matata tana da ciwon ɓarin kai, ranar farko ta Ramadan kullum a kwance take yini. Ni na ce rashin shayi ne, ita ta ce yunwa ce.

Zinariyar Maraɗi:
Ku duka kuna da gaskiya Malam. Shayi da kofi da goro duk akwai sinadarin kafeyin a ciki, wanda ya saba kullum in ya yanke rana ɗaya kai zai sara. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga barcin da ya rikice. Ni tun daga tsakiyar Sha'aban nake rage shayi kaɗan-kaɗan, ina jinkirta sahur, ina shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da kwanciya, kuma ba na zaman hira bayan asham. Bara kwana biyu kacal na sha, na rama bayan salla.

Malam Na-Tudun-Wada:
Kuma wanda ciwo ya kayar da shi da gaske, Alƙur'ani ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara ya sha ya rama. Kada mace ta zauna tana amai tana ganin ɗaki na juyawa ta ce sai ta kai magariba don kunyar mutanen gida.

Amaryar Bana:
Ana cewa farin magi ma yana tayar da shi, gaskiya ne? Sannan Likita, ni kafin kaina ya fara ciwo ina ganin wani zane mai ƙyalli kamar haƙoran zarto a gefen idona na kusan minti ashirin. Kuma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Likitan Kunne:
Maganar magi, wasu na cewa yana tayar musu, amma bincike bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Littafin da Zinariya ta faɗa shi zai raba gardama, kowa da abin da ke tayar masa, kada a hana kai abinci barkatai. Amma ƙanwata, maganarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. Mai ganin wannan ƙyallin kafin ciwon kai ba a son ta sha ƙwayar tazara mai sinadarin estirojin a ciki, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar jiki. Ki koma inda aka ba ki cikin satin nan, ki gaya musu wannan ƙyallin da bakinki, akwai wasu hanyoyin da ba su da estirojin da za a sauya miki.

Amaryar Bana:
Innalillahi, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Gobe in sha Allah zan je. Na gode Likita.

Maman Khalil:
Salam 'yan'uwa, na dawo da bayani bayan sati bakwai. Na sayi littafi ɗan 40 na ajiye a ƙarƙashin filo kamar yadda Anti Zinariya ta ce. Jirin ya zo sau shida. Huɗu daga ciki sun faɗo ne kwana biyu kafin al'adata ko a cikinta, ɗaya washegarin daren da Khalil ya kwana yana zazzaɓi ban runtsa ba, ɗaya kuma ranar sunan ƙanwar maigidana da aka cika gida da turaren wuta. Na kai wa likita littafin, ya karanta shafi-shafi, ya sa na bi yatsansa da ido, ya kwantar da ni ya juya min kai, aka yi min gwajin ji aka ce kunnuwana lafiya. Ya ce maigiren mai jiri ne, ya ɗora ni a kan amitiriftilin ƙarami da daddare, ya ce in dawo bayan wata biyu da littafin. Maganin yana sa ni nauyin jiki da safe da bushewar baki, amma yau kwana goma sha shida ban faɗi ba.

Surukata har yanzu ba ta yarda ba, amma jiya da kanta ta fitar da kaskon turare tsakar gida da ta ga na shigo. Anti Zinariya, wannan nauyin jikin na safe, ke ma kin yi shi da farko? Kwana nawa ya ɗauka kafin ya sake ki?

Zinariyar Maraɗi:
Na yi shi ƙanwata, kamar sati biyu zuwa uku. Ki riƙa shan sa da wuri, bayan sallar isha'i kai tsaye, kada ki bari sai sha ɗaya. In bai sake ki ba ki gaya wa likitan, kada ki yanke da kanki.